Kamamoto: ma'aikacin kamfanin inji da ya zura wa Najeriya uku, ya rasu bai taɓa buga Kofin Duniya ba

Ranar da Japan ta doke Jamus da ci 2-1 a Kofin Duniya na Qatar, cikin Nuwamban 2022, muna zaune a fadarmu ta Maraɗi, shayi na kan wuta, samari sun yi cirko-cirko gaban telebijin. Da alƙalin wasa ya hura tashi sai wuri ya kaure da ihu. Wani na cewa sa'a ce kawai, wani na cewa Jamusawa ne suka raina abokan karawarsu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana gefe bisa tabarma da carbinsa. Bai ce uffan ba sai da hayaniya ta lafa.

"Ku ne ke mamaki," in ji shi. "Mu tun 68 muka san mutanen nan. Akwai wani Bajapane guda, shi kaɗai ya ci Najeriya uku."

Na ce, "Kawu, wane Bajapane ke nan?"

Ya ce, "Kai yaro, ina zan riƙe sunansa? Ka tai ka bincika, ba aikinku ba ne?"

Kawu ya yi zaman Legas a ƙuruciyarsa, yana sayar da goro a Agege, daidai lokacin da ake yaƙin basasar Najeriya. Ya ce bai ga wasan ba, amma washegari maganar ta cika kasuwa, don akasarin 'yan wasan da suka tafi Meziko 'yan ƙungiyar Stationery Stores ta Legas ne, mutanen gari sun san su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, wai mutanen da aka sani da ƙera rediyo da babur su ne suka yi wannan aika-aika a filin ƙwallo.

Na bincika. Sunan mutumin Kunishige Kamamoto. Tun daga ranar nake tattara labarinsa kaɗan-kaɗan, har zuwa 10 ga Agustan 2025 da aka sanar da rasuwarsa sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 81. Har ya koma ga Mahaliccinsa babu namijin da ya kamo shi a yawan ƙwallayen da aka ci wa Japan: 75 a wasa 76, bisa ƙidayar hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar. Amma duk da haka bai taɓa taka filin Kofin Duniya ba, bai kuma taɓa sa hannu a wata ƙungiyar Turai ba. Wannan giɓin, tsakanin abin da mutumin ya iya da abin da zamaninsa ya ba shi, shi ya sa na ga ya dace masu karatunmu su san shi.

Yaron Kyoto da Bajamushe mai tsanani

An haifi Kamamoto a birnin Kyoto ranar 15 ga Afrilun 1944. Yana da wata goma sha shida a duniya Japan ta miƙa wuya a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya taso a ƙasar da aka ragargaza, abinci na wahala, mutane na fafutikar sake gina rayuwa daga toka. Wasan da ya mamaye zukatan yara a lokacin shi ne besbol, wanda ake bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda, sai kuma kokawarsu ta gargajiya, sumo. Ƙwallon ƙafa wasan makarantu ne kawai, ba kuɗi, ba 'yan kallo, filayen ma ƙasa ce tsura.

Shi ma yaron besbol ya so ya yi. Wani malaminsa na firamare ne ya karkatar da shi, ya nuna masa cewa besbol iyakarta Japan da Amurka, ƙwallon ƙafa kuwa tana iya kai mutum ko'ina a duniya. Ya yi sakandaren Yamashiro a nan Kyoto, daga nan ya wuce Jami'ar Waseda da ke Tokyo. Shekara huɗu a jere shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar jami'o'in yankin. Tare da shi Waseda ta ɗauki Kofin Sarki na kakar 1966, kuma tun daga lokacin babu wata jami'a da ta sake ɗaukar wannan kofi.

Sa'ar da ya taka ita ce tasowarsa ta zo daidai da lokacin da Japan ke shirin karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta 1964. Shugabannin ƙwallon ƙasar sun ji tsoron kunya a gida, sai suka nemi taimako daga Jamus ta Yamma. A 1960 aka turo musu Dettmar Cramer, wani ɗan gajeren mutum mai tsananin horo, wanda daga baya ya ci wa Bayern Munich Kofin Turai sau biyu, a 1975 da 1976. Cramer bai zauna a otel ɗin manya ba. Inda 'yan wasa suke kwana nan ya kwana, abin da suke ci shi ya ci. Ya mayar da 'yan wasan ƙasa, manyan mutane da ke ganin sun iya, zuwa darasin farko: yadda ake tare ƙwallo, yadda ake miƙa ta da cikin ƙafa, yadda ake sa mata kai. Yau a Japan ana kiransa uban ƙwallon ƙafar ƙasar.

Cramer ya ga abin da ke jikin Kamamoto: tsayi santimita 179, wanda a Japan ta wancan zamani ba ƙaramin tsayi ba ne, ga ƙirji, ga ƙarfin ƙafa. Amma bai ɓoye masa aibinsa ba. Ya ce masa yana da nauyin jiki, kafin ya tare ƙwallo ya juya ya buga, mai tsaron baya na ƙwarai ya riga ya iso.

Tokyo 1964: ya tashi hannu rabbana

Ya fara buga wa ƙasarsa a watan Maris na 1964, a karawa da Singafo, kuma ya ci ƙwallo a ranar. Da aka zo Olamfik a watan Oktoba yana ɗan shekara 20. Japan ta ba duniya mamaki da ta doke Ajantina 3-2. Wasa na biyu Ghana ta rama wa masu fata irin tamu, ta doke masu masaukin baƙi da 3-2. A zagayen 'yan takwas Cekosulobakiya ta lallasa su 4-0. A duk wasannin nan uku Kamamoto bai ga raga ba ko sau ɗaya.

Kafin Cramer ya koma gida ya bar musu wasiyya. Cikin abubuwan da ya lissafa akwai kafa gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, da horar da masu horarwa, da yawaita wasa da ƙasashen waje, da samar da filaye masu ciyawa. Ba su yi jinkiri ba. A 1965 aka buɗe gasar lig da ƙungiyoyi takwas, dukkansu na kamfanoni: Toyo Kogyo mai ƙera motocin Mazda, Mitsubishi, Hitachi, Furukawa da sauransu. Wanda ya san gasarmu ta Nijar, inda sojoji da kwastan da 'yan sanda da kamfanin wutar lantarki kowa ke da ƙungiyarsa, zai gane tsarin nan take.

Da ya gama jami'a a 1967, Kamamoto ya shiga Yanmar Diesel da ke Osaka, kamfani mai ƙera injinan gas na noma da na jiragen ruwa. Ƙungiyar tana can ƙasan teburi lokacin da ya zo. A takarda shi ma'aikaci ne kamar kowa, yana da teburinsa a ofis, albashinsa na ma'aikaci ne. Haka tsarin yake ga duk 'yan lig ɗin: a yi aikin kamfani, sannan a tafi atisaye. Doka ba ta yarda a biya mutum don ƙwallo ba.

A nan ne ya gina makamin da aka san shi da shi. Akwai wani wuri a gefen dama na bakin da'irar mai tsaron raga, inda mutum ke fuskantar raga a karkace. Daga nan yake buga ƙwallo da ƙafar dama, ya sake bugawa, ya sake, har bayan an tashi atisaye. Har yau a Japan in aka ce "digiri 45 na dama", tsofaffin masoya ƙwallo sun san wanda ake nufi. Da masu tsaron baya suka gano shi suka fara tare masa dama, sai ya koma ya horar da hagu da irin wannan naci.

A farkon 1968 aka tura shi birnin Saarbrucken na Jamus ta Yamma na 'yan watanni, ya yi horo ƙarƙashin Jupp Derwall, mutumin da daga baya ya ci wa Jamus Kofin Nahiyar Turai a 1980. Abin da aka yi ta aiki a kai shi ne wancan aibin da Cramer ya faɗa: a rage lokacin da ke tsakanin tarewa da bugawa. Ya dawo gida kamar an sake shi.

Kwana goma sha ɗaya a Meziko

Samun gurbin ma da ƙyar aka yi shi. A wasannin share fage da aka buga a Tokyo a 1967, Japan ta yi wa Filifin 15-0, shida daga ƙafar Kamamoto. Ta yi 3-3 da Koriya ta Kudu, sannan ta doke Biyetnam ta Kudu 1-0. Maki ya zo ɗaya da na Koriya, yawan ƙwallaye ne ya raba gardama. Ashe ruwan ƙwallayen da aka yi wa Filifin shi ne tikitin jirgi.

Ranar 14 ga Oktoban 1968, a birnin Puebla mai tsayin sama da mita 2,000 daga teku, Japan ta haɗu da Najeriya, wadda wannan ne karonta na farko a ƙwallon ƙafar Olamfik. An tashi 3-1, kuma duka ukun Kamamoto ne ya ci. Wannan shi ne wasan da Kawu ke magana. Kada mai karatu ya ɗauka 'yan Najeriyar nan kanwar lasa ne: a wasansu na ƙarshe a rukunin sai da suka sha gaban Brazil da ci uku da nema, kafin Brazil ta farfaɗo a tashi 3-3.

Japan ta biya farashin nasarar, don kyaftin ɗinta Shigeo Yaegashi ya ji rauni a wannan wasa, bai sake bugawa ba har aka gama gasar, sai hidimar abokansa da ya koma yi a bayan fage. Suka yi 1-1 da Brazil, suka yi canjaras ba ci da Sifen, suka fito daga rukuni. A zagayen 'yan takwas suka doke Faransa 3-1, Kamamoto ya ci biyu. A wasan kusa da na ƙarshe Hangari ta nuna musu akwai sauran aiki, ta yi musu 5-0, ta wuce ta ɗauki zinare.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: a wancan zamani ba a yarda ƙwararrun da ke cin abinci da ƙwallo su shiga Olamfik ba. Don haka Faransa da Sifen da Brazil ba manyan taurarinsu suka kawo ba. Ƙasashen gabashin Turai irin su Hangari kuwa, da yake a takarda 'yan wasansu sojoji ne ko ma'aikatan gwamnati, ainihin zaratansu suke zuwa da su. Wancan 5-0 shi ne ma'aunin tazarar da ke tsakanin Japan da manyan duniya a lokacin.

Saura wasan neman na uku, ranar 24 ga Oktoba, da masu masaukin baƙi, a filin Azteca, gaban mutum kusan 100,000. Wasa na shida ke nan cikin kwana 11, a inda iska ba ta isar huhu. Dabarar da mai horarwa Ken Naganuma da mataimakinsa Shunichiro Okano suka tsara ba ta da wani ɓoye-ɓoye: a tsare gida da kyau, in an ƙwace ƙwallo a ba Ryuichi Sugiyama mai gudun tsiya a gefen hagu, shi kuma ya nemo Kamamoto. Sau biyu hakan ta faru kafin hutun rabin lokaci, sau biyu ƙwallo ta kwana a raga. Da aka dawo Meziko ta sami bugun fenariti, mai tsaron raga Kenzo Yokoyama ya tare. Aka tashi 2-0.

Japan ta zama ƙasar Asiya ta farko da ta sami lambar yabo a ƙwallon ƙafar Olamfik, aka kuma ba tawagar kyautar wasa mai tsafta. Ƙwallo tara ta ci a gasar baki ɗaya. Bakwai na Kamamoto ne, wanda ya sa ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Sauran biyun Masashi Watanabe ya ci. A riƙe wannan lissafi, bakwai cikin tara, don shi ne ƙarfin tawagar, kuma shi ne rauninta.

Ciwon da ya rufe ƙofa

Yana ɗan shekara 24, ƙungiyoyin ƙasashen waje sun fara tambayar labarinsa. Kofin Duniya na 1970 kuma a Meziko za a yi shi, ƙasar da ya riga ya san iskarta da filayenta. Komai ya nuna hanya ta buɗe.

Sai a 1969 ciwon hanta ya kwantar da shi. Ya yi jinya mai tsawo. A watan Oktoban shekarar aka buga wasannin share fagen Kofin Duniya a birnin Seoul, tsakanin Japan da Koriya ta Kudu da Ostireliya, shi kuwa ba ya cikin tawaga. Japan ta buga wasa huɗu, ba ta ci ko ɗaya ba, ta ƙare a ƙarshen rukuni. Shekara ɗaya tak bayan tagullar Azteca ke nan. Maganar tafiya Turai ma ta bi ruwa. Sai a 1977 aka sami ɗan Japan na farko da ya zama ƙwararre a babbar gasar Turai, Yasuhiko Okudera, da ya tafi Cologne ta Jamus. A wannan shekarar ce Kamamoto ya yi ban kwana da tawagar ƙasa.

Na daɗe ina juya wannan wuri a raina. Mutum ɗaya ya kwanta asibiti, ƙwallon ƙasa guda ta kwanta tare da shi. Tawagar 1968 'yan mutane ƙalilan ne da aka tara aka yi ta horarwa shekara da shekaru saboda Olamfik ɗin Tokyo. An gina rufi mai kyau, amma ginshiƙan ba su da yawa. Da suka tsufa, ba a sami na bayansu da suka kai su ba. Japan ta nemi zuwa Olamfik ɗin 1972 ta kasa, ta nemi na 1976 ta kasa. Kofin Duniya na 1974 da na 1978 duk haka. Ɗokin da tagulla ta tayar ya lafa, 'yan kallo suka ragu a filayen lig. Sai da aka shekara 28 kafin ƙwallon ƙafar Japan ta sake zuwa Olamfik, a Atlanta 1996, inda ta doke Brazil 1-0 amma Najeriya ta doke ta 2-0 a kan hanyarta ta ɗaukar zinare. Kofin Duniya kuwa sai 1998, shekara 30 cif bayan Meziko.

Shekara 17 a riga ɗaya

Shi dai bai zauna yana kukan abin da ya wuce ba. Ya warke, ya koma Yanmar, ya ci gaba da abin da ya iya. Sau bakwai yana zama wanda ya fi cin ƙwallo a lig. Ƙungiyar da ya tarar a ƙasan teburi ta ɗauki lig sau huɗu, a 1971 da 1974 da 1975 da 1980, da Kofin Sarki sau uku. Yana da abokin tafiya a fili, Nelson Yoshimura, ɗan asalin Japan haifaffen Brazil, wanda ya kawo wa ƙungiyar laushin ƙafa irin na can. Daga 1978 Kamamoto ya haɗa aiki biyu, yana bugawa yana kuma horar da ƙungiyar. Kofin lig na 1980 a haka ya ɗauke shi.

A 1982 jijiyar agararsa ta tsinke, yana da shekara 38. Da wani ne da ya haƙura. Ya yi jinya ya dawo, ya rufe lissafinsa a ƙwallo 202 cikin wasa 251 na lig, adadin da babu wanda ya kusance shi har aka rufe wannan gasa. A watan Agustan 1984 aka shirya masa wasan ban kwana a babban filin wasa na ƙasa da ke Tokyo. Pele ya zo, Wolfgang Overath na Jamus ya zo, aka ɗaga shi bisa kafaɗu. Mutanen da suka ɗauki Kofin Duniya suka zo karrama wanda bai taɓa zuwa gasar ba.

Game da ƙwallayensa 75, wanda ke biye da shi shi ne Kazuyoshi Miura mai 55 a wasa 89, sai Shinji Okazaki mai 50 a wasa 119. Masu gardama a fadarmu sun ce ai da yawa daga ƙwallayen Kamamoto ƙananan ƙasashen Asiya ya ci. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai abokan wasansa ma da waɗannan ƙasashen suka kara, kuma babu wanda ya yi rabin abin da ya yi.

Bayan rataye takalma

Abin da ya fitar da Japan daga dogon barcin nan ba sabon Kamamoto ba ne. Tsari ne. A 1993 aka buɗe gasar ƙwararru ta J.League da ƙungiyoyi 10, ƙarƙashin jagorancin Saburo Kawabuchi, ɗaya daga waɗanda suka ci Ajantina ƙwallo a 1964. Wato almajiran Cramer ne suka girma suka karɓi ragama. Aka ce kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta a maimakon na kamfani, ta kuma buɗe sashen horar da yara. Yanmar Diesel ta zama Cerezo Osaka. Makarantun sakandare da jami'o'i suka ci gaba da zama rijiyar da ake ɗebo 'yan wasa.

Kamamoto ya horar da Gamba Osaka daga 1991 zuwa 1994, kuma a gaskiya bai yi nasara ba. Ƙungiyar ta yi ta fama a ƙasan teburi har suka rabu. Ba kowane gwanin bugawa ke zama gwanin koyarwa ba. Masu karatunmu na Kamaru sun san wannan ƙungiya, don a nan Patrick Mboma ya ci ƙwallo 25 a 1997 ya zama sarkin raga na Japan. Daga fili Kamamoto ya shiga siyasa, aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa a 1995 ƙarƙashin jam'iyyar LDP, ya yi wa'adi ɗaya zuwa 2001. Ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban hukumar ƙwallon ƙafar Japan daga 1998 zuwa 2008, wato yana cikin shugabanni lokacin da ƙasarsa da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙuncin Kofin Duniya na 2002. A 2005 aka sa sunansa cikin rukunin farko na gwarazan da hukumar ta karrama.

Tun 1998 Japan ba ta sake fashin Kofin Duniya ba. 'Yan wasanta sun cika Jamus da Ingila da Sifen da Beljiyam. Amma tagullar 1968 har yau ita ce lambar yabo ɗaya tilo da mazan Japan suka samu a ƙwallon Olamfik. A 2012 sun zo na huɗu. A 2021, a gidansu, suka sake zuwa wasan neman na uku, kuma da wa? Da Meziko. Meziko ta ci 3-1, ta rama abin da aka yi mata shekara 53 baya. Ita ma Najeriya ba ta bar bashin Puebla ba: bayan na Atlanta, ta sake doke Japan 5-4 a Olamfik ɗin 2016, Oghenekaro Etebo shi kaɗai ya ci huɗu.

Abin da ya tsaya mini a rai

Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da nake karanta labarin shekarun da suka biyo bayan 1968, Mena nake tunawa. Mun je Kofin Afirka a 2012, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, muka sake zuwa a 2013. Muna da Moussa Maazou a gaba, duk ƙasa ta ɗora masa ido. Mun yi murna kamar ba gobe. Tun daga nan ba mu sake zuwa ba, kuma a 'yan shekarun nan har wasanninmu na gida a ƙasashen waje muka yi ta buga su. Mun ɗanɗana irin 1968 ɗinmu. Tambayar ita ce ko 'yan wasan da suka kai mu can za su sami damar da su Kawabuchi suka samu, su dawo su gina wa na baya, ko kuwa za mu zauna jiran Allah Ya sake jefo mana wani gwani guda.

Akwai kuma abin da ya shafi yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a unguwanninmu. Kowa burinsa Turai, wasu har ana cinye wa iyayensu kuɗin gona da sunan za a kai su gwaji. Kamamoto bai je ba, kuma ba don bai isa ba. Abin da ke hannunsa shi ne wancan wuri na gefen dama da ƙwallo da raga, ya kuma yi shekara 17 yana komawa wurin. Abin da ba ya hannunsa, wato lafiyar hantarsa da shekarar da aka haife shi da halin da ƙwallon ƙasarsa ke ciki, bai sami yadda zai yi da su ba.

Da labarin rasuwar ya fito na je gaida Kawu. Na tarar da shi a zaure, ƙafa ta fara ba shi wahala. Na ce, "Kawu, kun tuna Bajapanen nan naku na 68? Allah Ya yi masa cikawa."

Ya ajiye carbi. "Wanda ya ci uku?"

"Shi fa. Sunansa Kamamoto. Shekararsa 81."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaye ni kofin duniya nawa mutumin ya buga. Na ce ko ɗaya. Ya dube ni kamar na yi masa ƙarya, sai da na ba shi labarin ciwon hantar da abin da ya biyo baya.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "To sake faɗa mini sunan, a hankali. In na je masallaci akwai wani abokina da muka yi zaman Agege tare, shi ma kullum Bajapane yake ce masa."